Kwano da Ƙwaya a Ƙarƙashin Bargo

A gidan su Pyo Mal-suk, tun tana yarinya, akwai kwanon da ba a taɓawa. Na tagulla ne, mai murfi. Da an sauke shinkafa shi ake fara cikawa da ta saman tukunya, a rufe, a tura shi ƙarƙashin bargo a kusurwar da daɓen ɗaki, wanda ake ɗumamawa ta ƙarƙashi, ya fi ɗumi, ya jira wanda bai dawo gida ba tukuna. Da na mahaifinsu ne. Da ya rasu sai kwanon ya koma na Dong-ryol, autansu, namiji tilo bayan mata huɗu. Mal-suk ce ta huɗun, kuma sunan da aka raɗa mata ma roƙo ne, wai a rufe ƙofar mata daga kanta. Aka kuwa rufe, amma ba ta taɓa jin wanda ya gode mata ba.

Yanzu Dong-ryol ya ba hamsin baya, injiniya ne a wani kamfani a birnin Suwon, sau biyu yake leƙo ƙauyensu a tsaunukan Bonghwa a shekara, shi ma in aiki ya bari. Duk da haka tsohuwarsu, wadda suke kira Omma, ba ta fasa cika kwanon kullum ba. Washegari ta ci ta jiyan da sanyinta, ta zuba masa sabuwa. Mal-suk kuwa ita ce mai hawa bas daga gari bayan ta rufe rumfarta ta kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, da soyayyen kifi, ita ce mai yanke farce, mai wanke kai, mai shan faɗa idan miya ta yi gishiri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sanyin bara Omma ta zame a bakin randunan daddawa, ta kwanta a kan ƙanƙara har sai da wata maƙwabciya ta jiyo nishinta. Tun daga ranar Mal-suk ta ƙudurta cewa wani sanyin ba zai sake samun tsohuwar ita kaɗai a ƙauye ba. Ta gyara ɗakin 'yarta da ta yi aure, ta manna sabuwar takardar bango, ta sayo katifa mai laushi. Omma ta zo ta gani, ta shafa bangon, ta ce ya yi kyau, sannan ta ce uwa ba ta tarewa a gidan 'ya mace alhali tana da ɗa a raye. Sai abin da Dong-ryol ya ce.

Shi ya sa Mal-suk ta zuba ido ga bikin girbi na kaka, lokacin da yakan zo gida. Kalma ɗaya kawai take so daga bakin ƙanenta.

Ya zo, an yi gaisuwar kabari, an ci an sha. Da ta ɗauko maganar sai ya yi murmushi irin na wanda ya riga kowa tunani, ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan akwati fari kamar sabulu, da doguwar waya siririya a jikinsa. A bakin wayar akwai wata 'yar baƙar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar dawa ba.

“Wannan kuma fa? Kashin ɓera ka kawo mana tsaraba?”

“Yaya, ke dai bakinki ba ya hutu. Tamista ake ce masa. Wannan da kike rainawa yana cikin firjinki, yana cikin tukunyar shinkafarki, yana cikin bas ɗin da ya kawo ki. Mu muke yin sa.”

“Sannu da ƙoƙari. Ya iya ɗaga tsohuwa in ta faɗi?”

Bai kula ta ba, ya juya wajen uwarsu, wadda ta riga ta tallafe haɓa tana kallonsa kamar yau ya fara magana. Ya ce wata 'yar wuta ce kaɗan ke bi ta cikin ƙwayar. In wuri da ɗumi sai ƙwayar ta sakar mata hanya, in da sanyi sai ta matse. Akwatin yana auna yadda ta matse, ya mayar da shi lamba, ya tura masa a waya duk inda yake.

“Ashe halinku ɗaya,” in ji Mal-suk. “Inda ɗumi yake nan kuke sakin jiki.”

“Ke, rufe mana baki, mutum yana bayani,” in ji Omma.

Ya manna ƙwayar a bango daidai ƙirji, nesa da taga, nesa da daɓe, ya ce iskar da Omma ke shaƙa yake so ta auna. Ya naɗe ragowar wayar ya rataye a ƙusa. Sannan ya durƙusa ya riƙe hannun tsohuwar.

“Omma, kin ga fitilar nan? In kore ce, lafiya. In ta koma rawaya, ɗaki ya fara sanyi, zan bugo miki. Ranar da ta yi ja har akwatin ya fara kuka, na rantse ko a gaban shugaban kamfani nake zan ajiye komai in taho, in ɗauke ki da hannuna in kai ki gidan Yaya. Amma in dai kore ce, me zai sa a raba ki da ɗakinki?”

Omma ta share ido da bakin zane. Mal-suk ta tashi ta tafi wanke-wanke, ta riƙa dire kwanuka da ƙarfin da bai kamata ba. Ta so a ce kalma, aka ba ta fitila.

Sanyi ya shigo da wuri a shekarar. Dong-ryol ya cika wa tsohuwa tankin kananzir na injin da ke tura ruwan zafi ƙarƙashin daɓe, ba a rasa komai ba. Amma duk zuwan da Mal-suk za ta yi, da ta cire takalmi ta taka ɗakin sai sanyi ya soke ta a tafin ƙafa ya fito ta tsakar ka. Omma na zaune cikin riguna uku da hular ulu, a kan 'yar tabarmar lantarki da ba ta fi faɗin faifai biyu ba, rabinta ma kwanon Dong-ryol ya cinye. Mal-suk ta kunna injin, ta yi faɗa, ta tafi. In ta dawo ta tarar da shi a kashe.

“Gumin yaron nan ne a tankin,” in ji Omma. “In ƙone shi don ni kaɗai? Mu da muka yi sanyin bayan yaƙi da buhu a jiki?”

Mal-suk ta bugo wa ƙanenta daga bakin titi, haƙoranta na haɗuwa. Ta ce ɗakin Omma ya zama firji, ana ganin numfashi a ciki.

“Yaya, yanzu haka ina kallonsa. Digiri ashirin da huɗu. Jiya ashirin da huɗu, shekaranjiya ma haka. Layi ne miƙaƙƙe, ko ofishinmu bai kai shi daidaito ba.”

“Ido ba mudu ba ne, Dong-ryol, amma ya san kima. Daga ɗakin nake.”

“Ke kin shigo daga waje ne jikinki da sanyi. Jiki yana ƙarya, wannan ba ya yi. Ki yi haƙuri, ana jirana.”

Ya turo mata hoton layin, kore shar. Ta kalle shi a bas har suka isa gari. Ta fara ma tambayar kanta ko ita ce jininta ya tsufa.

Ranar da asiri ya tonu, dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, bas ya ajiye ta a bakin gada ta ƙarasa a ƙasa. Ta tarar ruwan da ke kwanon sha a cikin ɗaki ya yi ɓawo a sama. Omma na tari, irin busasshen nan mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Mal-suk ta ɗaga kai ta dubi akwatin, fitila kore kamar ba a yi komai ba. Sai a lokacin idonta ya lura babu komai a bango inda aka manna ƙwayar, sai tabon gam. Wayar da aka naɗe a ƙusa an warware ta, ta sauko ta bayan akwatin tufafi, ta bi gindin bango a ɓoye, ta shige ƙarƙashin bargo.

Ta ɗaga bargon. Ga kwanon tagulla a kan tabarmar lantarki. Ga ƙwayar a gefensa, an naɗe ta a cikin tsohuwar safar jarirai, an jingina ta da cikin kwanon.

“Omma. Mene ne wannan?”

“Mayar da bargon, kina fitar da ɗumi.”

“Na ce mene ne wannan!”

Tsohuwar ta kawar da kai. Da ƙyar maganar ta fito. Farkon sanyi fitilar ta yi rawaya da safe, Dong-ryol ya bugo, murya ƙasa-ƙasa, yana cewa a tsakiyar taro yake, wayarsa ta ba shi kunya a gaban manya, don me ba za ta kunna injin ba. Da ya ajiye sai ta je ta taɓa ƙwayar, ta ji ta kamar ƙanƙara.

“Abin yaron nan ne, da hannunsa ya yi. In bar shi a bango yana rawar ɗari yana tayar masa da hankali? Na sa shi kusa da abincinsa. Tun ranar bai ƙara damunsa ba.”

Mal-suk ta zauna daɓas. Ta dubi safar, ta gane ta, ta Dong-ryol ce, an ajiye ta shekara hamsin a ƙasan akwati. Nata kayan jarirai tun kafin ta yi wayo aka yi tsumman goge daɓe da su. Wata biyu tana hawa bas cikin sanyi, ana ce mata jikinta ne ke ƙarya, ashe abin da ake aunawa a Suwon zafin shinkafa ne.

Da ta yi hankali da ta mayar da ƙwayar bango kawai, ta bar ta ta faɗi gaskiyar ɗakin. Amma mai fushi ba ya awo. Ta fizge ta daga safar, ta buɗe taga, ta miƙa hannu ta cusa ta cikin dusar ƙanƙarar da ta taru a kan murfin randa, ta danne da tafin hannu, ta rufe tagar a kan wayar.

“Za ki kashe masa abu! Mal-suk! 'Yar banza mai taurin kai, tun kina ciki kike ba ni wahala!”

Fitilar ta koma rawaya. Kafin Omma ta gama zagin ta koma ja, akwatin ya fara wani siririn kuka kamar na ɗan tsako. Tsohuwar ta juya wajen akwatin.

“Ja ce?” in ji ta.

“Ja ce.”

Omma ta daɗe tana kallon fitilar. Mal-suk ta miƙe za ta shigo da ƙwayar, don zuciyarta ta fara sanyi, sai ta ji an riƙe mata gefen siket.

“Bar shi tukuna,” in ji tsohuwar a hankali, ba ta yarda sun haɗa ido ba. “Kar ya ga ta koma kore ya fasa.”

Abin da Mal-suk ta gani bayan nan bai taɓa barin ranta ba. Matar da take tari tana dafa bango ta tashi kamar an zare mata shekara ashirin. Da hannunta ta kunna injin, ta murɗa shi har ƙarshe, ta buɗe bututun kowane ɗaki, har da wanda ba a kwana a cikinsa tun rasuwar mijinta. Ta tura Mal-suk gidan maƙwabta sayen kaza. Ta jiƙa shinkafa mai danƙo, ta ciro busasshiyar kanya da take ɓoyewa a rufi, ta sa aka share hanya daga ƙofar gida har bakin gada don kada motarsa ta maƙale. Ta ma ɗaure 'yan kayanta a ɗankwali ta ajiye a bakin ƙofa, tunda ya ce da hannunsa zai kai ta.

Mal-suk ba ta koma gari ba. Ba ta kuma bugo masa ba, don so take ya zo da ƙafarsa, ba da roƙonta ba. Waya ba ta yi ƙara ba, Omma ta ce ai mai tuƙi ba ya waya. Abin kunyar shi ne ita ma Mal-suk ta fara yarda. Ta tsinci kanta tana gyara gashi a madubi, tana shirya baƙar maganar da za ta tarbe shi da ita, tana kuma sanin cewa in ya shigo ba za ta faɗa ba, abinci za ta zuba masa.

Sai washegari bayan rana ta karkata suka ji ƙugin mota a kan gada. Omma ta fita da safa kawai a ƙafarta, ta taka ƙanƙara ba ta ji ba. Motar kai saƙo ce. Direban ya sauko da ɗan kwali, ya rusuna, ya ce, “Kaka, saƙo daga Suwon. Ki koma ciki mana, za ki kamu da mura.” Tsohuwar ta leƙa bayansa, ta leƙa kujerar gaba, sannan ta karɓi kwalin da hannu biyu.

Ba su gama rufe ƙofa ba wayar Mal-suk ta yi ƙara.

“Yaya, ya iso? Na ga an ce an kai. Ƙwayar can ta mutu, ina gani na gane. Ɗaki ba ya faɗowa daga ashirin da huɗu zuwa tara ƙasa da sifili kafin a ƙifta ido, ko rufin ne ya yaye. In ka ga haka, waya ce ta tsinke ko ruwa ya shiga. Shi ya sa ban ma tayar muku da hankali ba, na sa aka aiko sabuwa da gaggawa.”

“Ba ka bugo ba.”

“In bugo in ce me? Na san matsalar.”

“Ka ce in ta yi ja za ka zo.”

“In ta yi ja da gaske, Yaya. Wannan lalacewa ce.”

Nan ta zazzage masa komai: safar, kwanon, injin da ake kashewa, ruwan da ya daskare a ɗaki, tarin, da yadda ita da hannunta ta cusa ƙwayar a kan randa. Da ta gama har ta ɗauka ya fara ji.

“Wato ke kika sa ta a ƙanƙara.”

“Don ka zo ka gani da idonka!”

“To ai kin ga matsalar. Yanzu wanne zan yarda da shi? Bari mu daina musu. Buɗe kwalin, cire tsohuwar ki jona sabuwar, ki manna ta a bango inda na sa ta farko. Ina riƙe da waya. Abin da ta faɗa shi ke nan, ba ni ba ke.”

Ta jona, ta manna, tana huci. Sai da ta ja baya ta ji ɗumin daɓe a tafin ƙafarta, ta gane ta makara. Tun jiya injin ke aiki a kan ƙarshensa. Tagogi sun yi gumi, ɗakin na ƙamshin kaza da tafarnuwa, ita kanta ta cire rigar sama tun safe. Fitilar ta yi ƙifta-ƙifta ta tsaya a kore.

“Ashirin da shida,” in ji Dong-ryol, har da 'yar dariya. “A bango fa, da hannunki. Yaya, gani ya kori ji. Ku rage ma, zafi ya yi yawa ga tsoho.”

“Don kai aka kunna! Don kai, shashasha!”

“Ba ni Omma,” in ji shi.

Tsohuwar ta goge hannu a zane kafin ta karɓi wayar, ta gyara murya ta haɗiye tarin da ya taso mata.

“Ɗana. Ka ci abinci? Lafiya lau nake, zafi har gumi nake yi. Kar ka kula yayarka, ka san ta da neman magana, tun tana ƙarama haka take. A'a, kar ka zo, hanya ba kyau, ga aiki. Saƙo ya iso, ya yi kyau ƙwarai. Ka sa rigar ɗumi in za ka fita.”

Ta miƙo wayar, ya riga ya ajiye. Garin neman gira an rasa ido, Mal-suk ta san da haka ba sai an faɗa mata ba. Daga yau ko ɗakin ya daskare, ko fitila ta yi ja har ta gaji, zai ce Yaya ce ta sake wasa da ƙwaya.

Omma ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta je bakin ƙofa ta kwance ɗaurin kayanta, ta mayar da kowanne mazauninsa. Ta bi ɗakuna ta rufe bututu ɗaya bayan ɗaya, ta kashe injin. Ƙugin da ya cika gidan tun jiya ya ɗauke. Ta zuba cinyar kaza da sabuwar shinkafa a kwanon tagulla ta rufe. Sannan ta miƙa hannu ta ɓamɓare sabuwar ƙwayar daga bango, ta hura mata iska kamar mai cire ƙura daga idon yaro, ta zura ta cikin safar.

Mal-suk tana tsaye tana kallo, ba ta hana ba. Ta jiyo bas na ƙarshe yana hon a bakin gada, ta bar shi ya wuce. Ta tuna ɗakin da ta manna wa takarda mai furanni, da rumfarta da za ta zauna a rufe har ƙanƙara ta narke, don ba za ta iya barin wannan tarin shi kaɗai ba, kuma ba mai zuwa. Ba tausayi ne ya cika ta ba a lokacin, ƙiyayya ce tsagwaronta, ga ƙanenta, ga uwarta, ga kanta da ta kasa tafiya.

Rana na faɗuwa ɗumin ya fara janyewa daga daɓe, daga bakin ƙofa ya fara, kamar kullum. Ta ciro shimfiɗa daga akwati. Kusurwar ɗumi ta cika, tsohuwa a gefe guda a takure, kwano da ƙwaya sun ci sauran. Sai ta shimfiɗa nata a can ƙarshen ɗaki wajen ƙofa, inda ita da yayyenta mata suke kwana suna yara. Jikinta bai manta wurin ba.

“Mal-suk.”

“Na'am.”

“Gefen bargon nan ya ɗage, hannuna bai kai ba. Ja shi da kyau, kar iska ta shigar masa.”

Mal-suk ta rarrafo a kan daɓe mai sanyi, ta ja bargon, ta cusa gefensa ƙarƙashin kwanon yadda aka koya mata tun tana 'yar shekara shida.